Katunan Paul Skenes: nawa suke yi, kuma ko sun isa a ajiye kuɗi a cikinsu?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, ina tuƙin tasi. Ɗana mai shekara 13 ya kamu da son wasan besbol a makaranta, kuma tun 2024 yake tara katunan wani matashi mai jifa na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, Paul Skenes. Yanzu yana da kusan guda 40 a cikin kwalin takalmi. Ya nuna mini a waya cewa an sayar da katin wannan ɗan wasa guda ɗaya a kan sama da dala miliyan ɗaya, tun ranar nake ta tunani. Shin waɗannan da ke hannunsa suna da wata daraja? Ina da dala 500 da na ware, in ƙara saya masa a ajiye har ya shiga jami'a, ko kuwa asarar kuɗi ce? Sannan ya ce wai sai an tura su wani kamfani an ba su maki. Ni ban san kan abin ba."

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya raya maka yaron, ya yi masa albarka, ya ba ka ladan ɗawainiya. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: nawa katunan da ke cikin kwalin za su yi a kasuwa yau, ko ya dace a zuba dala 500 a katunan ɗan wasan da tauraronsa bai daɗe da fitowa ba da fatan cin riba nan da shekara biyar, sannan ko akwai amfani a biya kamfani ya duba kati ya ba shi maki. Na shafe fiye da shekara goma ina tara waɗannan katuna, ina kuma kasa tebur a bajekolin katuna da ake yi a ƙarshen mako, saboda haka abin da zan faɗa maka ya fito ne daga abin da na gani da kuma wanda ya same ni. Mafi yawan katunan nan 40 da wuya kowannensu ya wuce 'yan daloli, mai yiwuwa a sami ɗaya ko biyu da suka fi haka, kuma ba zan ba ka shawarar ka mayar da kati asusun karatun yaro ba. Zan ɗan tsawaita a kan dalilai, domin da su ne kai da yaron za ku riƙa auna kowane kati da kanku.

Katin da ya yi dala miliyan 1.11

Labarin da yaron ya nuna maka gaskiya ne. Skenes shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023, bayan ya taimaka wa jami'ar jihar Louisiana ta ci kofin jami'o'i a wannan shekarar. Ya fara wasa a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ranar 11 ga Mayu, 2024, a karawar Pirates da Chicago Cubs, kuma wata biyu kacal bayan haka aka ba shi jifan farko a wasan taurari na tsakiyar kaka, abin da ba kasafai sabon shiga yake samu ba. Ya rufe kakar da nasara 11 da rashin nasara 3, ya fitar da masu bugu 170, wato waɗanda suka kasa bugun jifansa har aka sallame su, kuma a matsakaici maki 1.96 kawai ake ci a kansa a duk zagaye tara, wato tsawon cikakken wasa guda. Ko ƙwararren da ya shekara goma yana jifa, idan ya tsaya a maki 3 ana yaba masa. Da haka ya ci kyautar gwarzon sababbin shiga na National League, ɗaya daga rukunoni biyu na MLB.

Tun daga 2023 kamfanin buga katuna na Topps ya shigo da wata dabara. Duk ɗan wasan da zai fito wasansa na farko a MLB ana manna masa ɗan ƙaramin tambari na yadi a hannun riga, da an tashi wasa sai a cire shi, a dasa shi a jikin kati guda, ɗan wasan ya sa hannu, a jefa katin cikin ɗaya daga fakitocin da za a sayar. Kati ɗaya tak ake yi, tun da mutum sau ɗaya yake yin wasan farko. Na Skenes wani yaro ɗan shekara 11 a yankin Los Angeles ne ya buɗe fakiti ya ci karo da shi. Ƙungiyar Pirates ta yi tayin kujeru biyu a filin wasanta har tsawon shekara 30 a madadin katin, iyalan yaron suka zaɓi gwanjo, aka sayar da shi a watan Maris na 2025 a kan dala miliyan 1.11, kuɗin da ya haura albashin Skenes na wannan shekarar, dala 875,000. Wanda ya saya kuwa kamfanin kayan wasanni ne na Dick's Sporting Goods, mai hedikwata kusa da Pittsburgh, domin ya kafa shi a kantinsa jama'a su zo kallo. Ka ga ke nan akwai kuɗin talla a cikin wannan farashi. Abin da ya haɗa wannan kati da na cikin kwalin takalmi shi ne hoton mutum ɗaya, amma kasuwarsu daban-daban ce.

Wane kati ne a hannun yaron?

Nan ne mafi yawan sababbin shiga harkar suke ruɗewa, domin sunan ɗan wasa kaɗai ba ya yanke farashi. A shekara guda Topps yana fitar da jeri iri-iri, kuma ɗan wasa kamar Skenes yana iya fitowa a ɗaruruwan katuna mabambanta idan aka haɗa da launuka. Saboda haka ku zauna da yaron a kan tebur mai tsabta, ƙarƙashin fitila mai haske, ku wanke hannu, ku riƙa ɗaukar kowane kati ta gefensa kuna duba abubuwa uku.

Na farko tambarin da ke fuskar katin. Idan kun ga ɗan tambari mai haruffan RC, wannan shi ne katin shekararsa ta farko a MLB, kuma tun 2006 ake sa wannan alama domin a kashe gardamar da aka daɗe ana yi kan wane ne katin farko na gaskiya. Na Skenes suna cikin jerin 2024, musamman Topps Update da Topps Chrome Update, domin an riga an fitar da jerin farkon shekara kafin ya fara wasa. Akwai kuma wani tambarin da masu tarawa suke girmamawa ƙwarai, wato 1st Bowman, wanda ake sa wa katin farko na matashi tun yana ƙananan rukunoni bai iso babbar gasa ba. Na Skenes yana cikin Bowman Draft na 2023. Katunan da aka buga masa daga 2025 zuwa gaba, komai kyawunsu, ba su da wannan matsayi, kuma yawancinsu dala ɗaya ko ƙasa da haka ake sayar da su. Haka nan idan kun ga kati babu tambarin ƙungiya a hula ko a riga, alama ce ta cewa kamfanin da ya buga shi ba shi da lasisin MLB, kuma irin waɗannan ba sa kai na Topps kuɗi.

Na biyu, ku duba gaba da baya ko akwai 'yan lambobi ƙanana da aka hatimce, kamar 23/99. Ma'anarsu ita ce guda 99 kawai aka buga da wannan launi, kuma na hannunku shi ne na 23. A jerin Chrome, wato katuna masu ƙyalli, kore yakan zo 99, ruwan zinare 50, ruwan lemo 25, ja guda 5, sai wanda ake kira Superfractor da ake buga ɗaya tilo. Hoton ɗaya ne, rubutun bayan ɗaya ne, launin ƙyalli da wannan lamba ne kawai suke raba katin dala 3 da na ɗaruruwa ko dubbai. Katin da ba shi da lamba kuwa, wanda muke kira na gama-gari, kamfani ba ya bayyana adadin da ya buga, kuma idan ɗan wasa ya yi tashe ana samunsa a kowane tebur a bajekoli, dami-dami.

Na uku sa hannu. Sa hannun da ke da daraja a kasuwa shi ne wanda ya fito daga cikin fakiti, da rubutun shaidar kamfani a bayan katin. Wanda ɗan wasa ya rattaba kai tsaye a jikin kati ya fi wanda ya rattaba a kan sitika aka manna daga baya. Akwai kuma wasu katunan da ake buga hoton sa hannu a jikinsu da tawadar inji, yara da yawa suna ɗauka na gaske ne. Idan kun karkata katin a ƙarƙashin fitila, tawadar alƙalami tana zaune a bisa ƙyallin, tana da wurin da ta yi kauri da wurin da ta yi siriri, ita kuwa ta inji a shafe take da sauran hoton.

Idan kun gama, ina kyautata zaton za ku sami kashi uku: tarin na gama-gari na 2025, 'yan ƙalilan masu RC, sannan in an yi sa'a ɗaya mai lamba. Wannan na ƙarshen shi ne za a ware a bincika farashinsa.

Me ya sa tsofaffin katuna suka yi tsada?

Mutane da yawa suna lissafi kamar haka: katin Mickey Mantle, tsohon tauraron New York Yankees, na Topps na 1952 ya yi dala miliyan 12.6 a watan Agusta na 2022, to duk katin gwarzo idan aka ajiye shi ya daɗe zai yi kuɗi. Abin da ake mantawa shi ne a 1952 babu wanda ya ɗauki kati a bakin dukiya. Da cingam ake sayar da shi, yara suna maƙala shi a ƙafar keke don ya yi ƙara, suna ɗaure shi da roba a aljihu, iyaye mata suna zubar da shi ranar shara. Sy Berger, wanda ya tsara jerin 1952 a Topps, ya sha ba da labarin yadda aka loda kwalayen da suka yi kwantai a jirgin ruwa aka zubar a teku. Waɗanda suka tsira da lafiyarsu kaɗan ne, kuma wannan ƙarancin ne ya sa su tsada.

Da mutane suka farga a shekarun 1980, sai kowa ya shiga saye yana ɓoyewa, kamfanoni kuma suka buɗe injuna. Fleer da Donruss sun shigo a 1981, Score a 1988, Upper Deck a 1989. Daga wajen 1987 zuwa 1994 an buga katuna har suka fi ƙarfin masu so, kuma har gobe ina ganin dattawa suna shigowa bajekoli da akwatunan wancan zamani da suka ajiye don jikoki, ba ko a buɗe ba, su koma da su saboda babu mai tayawa. Ka ɗauki Ken Griffey Jr. Ya cika duk alƙawarin da aka yi zato daga gare shi, ya yi bugun tsallake katanga 630, ya shiga zauren gwaraza, inda ake karrama fitattun 'yan besbol bayan ritaya, a 2016 da ƙuri'u sama da kashi 99 cikin 100. Duk da haka shahararren katinsa na farko, lamba 1 a jerin Upper Deck na 1989, idan ba a ba shi maki ba ana samunsa da 'yan gomomin daloli, domin kusan kowane gida da ya tara kati a lokacin yana da shi. Yau ma haka abin yake, har ya fi. Kowane yaro da ya buɗe fakiti ya san ya sa katin Skenes a leda nan take, saboda haka nan da shekara ashirin za a sami dubbai garau, babu ko ƙwarzane.

Farashin sabon tauraro kuɗin fata ne

Wannan shi ne jigon maganata. Lokacin da sabon ɗan wasa yake tashe, masu saye ba sa biyan abin da ya yi, domin bai yi da yawa ba tukuna. Suna biyan abin da suke fatan zai zama nan da shekara goma sha biyar. Wato farashin ya riga ya haɗiye kyaututtukan da bai ci ba da zauren gwarazan da bai shiga ba. Idan ya cika wannan fata, sau da yawa katin yakan tsaya a inda yake ne ko ya ɗan ɗaga. Idan kuwa ya zama ɗan wasa mai kyau kawai, wanda shi ma babban rabo ne a rayuwar ɗan wasa, farashin sai ya sauka. Mai saye a tsakiyar tashe yana da hanya ɗaya ta cin riba da hanyoyi da yawa na faɗuwa.

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake ganewa, amma a besbol Laraba ta sha yaudarar mutane, musamman a kan masu jifa. Mark Fidrych na Detroit Tigers ya ci wasa 19 a 1976, Amurka duka ta haukace a kansa, sai ciwon gwiwa da na kafaɗa suka biyo baya, a sauran rayuwarsa ta wasa nasara 10 kawai ya ƙara. Kerry Wood na Cubs yana ɗan shekara 20 ya fitar da masu bugu 20 a wasa ɗaya ranar 6 ga Mayu, 1998, amma bai jefa ƙwallo ko ɗaya a kakar 1999 ba saboda tiyatar gwiwar hannu. Wanda ya fi kama da Skenes shi ne Stephen Strasburg. Shi ma shi aka fara ɗauka a zaɓen 2009, kuma a wasansa na farko ranar 8 ga Yuni, 2010, ya fitar da masu bugu 14, da Pirates ɗin nan ma aka kara. Katunansa suka yi tashin gwauron zabi. Kafin watan Agusta ya ƙare jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, wadda jinyarta take cin shekara guda zuwa ɗaya da rabi. Ya dawo ya yi fice, har ya zama gwarzon gasar World Series ta 2019, wato wasannin ƙarshe na cin kofin MLB, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 245, bayan nan wasa 8 kawai ya ƙara yi kafin ya yi ritaya a 2024. Wannan mutum ne da ya kai ƙungiyarsa ga kofi, amma wanda ya sayi katinsa a watan Yuni na 2010 ya saya a ganiyar tsada.

Skenes yana jifan da ya kai mil 100 a sa'a, wato kusan kilomita 160, kuma gwiwar hannun ɗan Adam ba ta ɗaukar wannan nauyi ba tare da haɗari ba. Ba fata nake yi masa ba, Allah ya kiyaye, ina son kallonsa ƙwarai. Kuma a yi masa adalci, ya tsallake jarrabawar da ta kayar da mutane da yawa, wato shekara ta biyu, domin a 2025 ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa na rukuninsa. Sai dai kasuwa ta riga ta lissafa wannan a farashin yau. Ƙari a kan haka, a tarihin wannan harka katunan masu jifa ba sa kai na masu bugu, domin mai jifa sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar, shi kuwa mai bugu kusan kullum yana fili a cikin wasanni 162 na kaka. Sannan Pirates rabonta da wasannin share fagen kofi tun 2015, kuma ɗan wasan da ba a gani a watan Oktoba, lokacin waɗannan wasanni, yana rasa idon jama'a a lokacin da aka fi kallo.

Ko masu bugun ma ba su tsira ba. Katin Superfractor na Mike Trout, tauraron Los Angeles Angels, na 2009 ya yi kusan dala miliyan 3.9 a watan Agusta na 2020, lokacin yana da kyautar gwarzon shekara har uku. Daga nan raunuka suka sa shi gaba, ya buga wasa 36 a 2021, wasa 29 a 2024, kasuwar katunansa ta yi sanyi.

Ni kaina na ɗanɗana. A lokacin annobar korona, da mutane suke zaune a gida kuɗi na yawo, farashin kati ya riƙa hawa mako-mako. A farkon 2021 na sayi katunan RC guda goma sha biyu na wani matashi mai bugu da kowa yake yabo, duk masu maki 10, da kuɗin da na tara na wata da watanni. Na jera su a kan shiryayye ina kallo kowace safiya kafin in fita aiki. A shekarar da ta biyo baya ya ji ciwo, kasuwar gaba ɗaya kuma ta sauka, na sayar da goma a kan abin da bai kai sulusin kuɗina ba. Biyun da suka rage suna nan, ina nuna wa duk wanda ya zo tebur da irin tambayarka.

Batun maki

Abin da yaron yake nufi shi ne kamfanonin tantancewa, irin su PSA, wanda ya fara a 1991, da Beckett da SGC. Ana tura musu kati, su tabbatar na gaske ne, su duba daidaiton hoton a tsakiya, da kusurwoyi huɗu, da gefuna, da lafiyar fuskar katin, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a kwanson roba mai lamba. Amfaninsa a fili yake, domin mai saye daga nesa yana samun natsuwa. Amma a katin zamani kusan duk ribar tana kan maki 10 ne, mai maki 9 sau da yawa ba ya mayar da kuɗin tantancewa.

Mu yi lissafi da misali. A ce katin RC na gama-gari yana dala 8 a haka, kuɗin tantancewa da na aikawa zuwa da dawowa sun kai dala 30, mai maki 10 yana dala 60, mai maki 9 yana dala 20. Idan ya fito da 10 an sami ɗan abu, idan ya fito da 9 an yi asara, kuma za a jira makonni ko watanni wanda a cikinsu farashi yana iya sauya. A ƙarshen Maris na 2021 sai da PSA ya dakatar da karɓar yawancin katuna saboda sun yi masa yawa, mutane suka jira kusan shekara, katunansu suka dawo bayan kasuwa ta faɗi. Katin da ya kwana biyu yana gogar 'yan'uwansa a kwalin takalmi da wuya ya sami 10. Ka sa gilashin ƙara girma a kan kusurwa, in ka ga ɗan fari kamar ƙwayar gero, maganar 10 ta ƙare. Ni ba na tura kati sai wanda ko ya fito da 9 zai biya kuɗinsa. Akwai kuma rahoton da PSA yake wallafawa kyauta na adadin kowane kati da ya duba da makin da ya ba shi. Idan kun ga masu maki 10 na katin sun kai dubbai kuma suna ƙaruwa kowane wata, kun san ba abu ne mai wuyar samu ba.

Dala 500 ɗin

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne sayen kwalaye da fakitoci a rufe da niyyar a dace da babban kati, da kuma abin da ake yi kai tsaye a intanet, inda mutum zai sayi gurbi a buɗe kwali a gabansa, abin da ya faɗo a gurbinsa shi ne rabonsa. Wannan cinikin biri a sama ne. A bisa abin da na gani, mafi yawan kwalaye abin da ke cikinsu ba ya kai kuɗin da aka saye su, kuma yaro ɗan shekara 13 yana saurin kamuwa da daɗin buɗewa. Hukuncinsa a shari'a na malamai ne, ka tambayi limaminku, amma kamarsa da caca ba ta ɓoyu ba, shi ya sa ni na daina. In za a sayi kati, a sayi wanda ake gani da ido, aka san sunansa da farashinsa.

Wajen sanin farashi kuma, kada ku dubi abin da masu sayarwa suka rubuta. Kowa yana iya sa wa katinsa dala 1,000. A eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, akwai wurin da ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar, nan za ku ga abin da mutane suka biya a makonnin baya, ku ɗauki na tsakiya. Ku tuna kuma ranar sayarwa dandalin zai cire kusan kashi 13 cikin 100, ga kuɗin aikawa, mai shago kuwa ba zai saya a cikakken farashi ba domin shi ma riba yake nema. Ke nan kati sai ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin a ce an mayar da uwar kuɗi. Kuma kasuwarsa tana inda ake son besbol ne, kamar Amurka da Kanada da Japan. Ranar da buƙata ta taso kana gida hutu, ba kamar zinare ba ne da za ka shiga kasuwa ka canza shi a yini guda.

Ku yi hattara da katin da ba a tantance ba mai araha fiye da kima. Na taɓa sayen wani mai lamba a hannun wani mutum a bajekoli, kusurwoyinsa kamar reza, na tura shi tantancewa ya dawo ba maki, da takardar cewa an datse gefensa. Da na ɗora shi a kan wani katin sai na ga ya gaza da kamar kaurin gashi. Katin zamani faɗinsa inci 2.5 ne, tsawonsa inci 3.5, tun daga ranar ba na saye sai na gwada shi da wani.

Da ni ne a matsayinka, zan sa dala 400 a asusun ajiyar karatu irin wanda jihohin Amurka suke da shi mai suna 529, wanda ribarsa ba ta da harajin tarayya idan an kashe ta a kan karatu. Sauran 100 ɗin in ba yaron amanarsu, da sharaɗin ya binciko farashin da aka sayar, ya kawo mini a rubuce, sannan mu zaɓi kati guda mai kyau, ko 1st Bowman na Chrome ko RC na Chrome, gwargwadon abin da kuɗin ya kai, maimakon ƙananan katuna ashirin. Lokacin saye kuma ya fi kyau a cikin hunturu, bayan hayaniyar kyaututtukan Nuwamba ta lafa kuma kafin atisayen bazara ya sake ɗaga zukata, ko da yake wannan al'ada ce ta kasuwa da takan saɓa a wasu shekarun. Ni mai tara kati ne, ba mai lasisin ba da shawarar zuba jari ba, kuma babu wanda zai iya faɗa maka yadda hannun Skenes zai kasance nan da shekara biyar, ko likitan ƙungiyarsa. Ka ɗauki wannan dala 100 a matsayin kuɗin sha'awar yaro da koyon lissafin kasuwa, wanda ko bai dawo ba ba zai taɓa gida ba.

Kafin komai dai, a fitar da katunan daga kwalin takalmi a wannan makon. Ledar kati mai laushi guda 100 ba ta wuce 'yan daloli ba, a sa kowanne a cikinta, masu RC da mai lamba a ƙara musu kwanson roba mai tauri. A cire duk wata robar ɗauri, a nisanta su daga taga da na'urar ɗumama ɗaki da kuma ɗakin ƙasa mai laima, domin katin Chrome yana lanƙwashewa idan danshi ya sauya. In kun gama warewa, ku ɗauki hoton gaba da baya na waɗanda suka fi fice a cikin haske mai kyau ku aiko mini, zan gaya muku ko akwai wanda ya cancanci a tura shi tantancewa. A gaida yaron.